Tanka Mai Goyon Gada: Daga Gwalalon Birni Zuwa Fagen Fama na Zamani

Gabatarwa

Duk wanda ya zagaya tsohon birnin Daura, ko Katsina, ko Kano, ya dubi abin da ya saura na ganuwa, zai lura cewa magabata ba su dogara da tsayin katanga kaɗai ba. Ƙasar da aka tara aka yi ganuwa daga gindinta aka haƙo ta, ramin da ya rage a waje kuwa shi ne gwalalo, akan kuma bar sarƙaƙiya ta cika shi. Babban aikinsa shi ne tsai da doki. Barde komai kaurin lifidinsa, in ya iso bakin gwalalo tilas ya ja linzami, a nan kuwa 'yan bakan da ke kan badala suke jiransa. Saboda irin wannan tsaro ne Alƙalawa ba ta faɗi a hannun masu jihadi ba sai a 1808, bayan yunƙurin baya ya ci tura. Ko Turawan da suka zo wa Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, igwarsu ba ta iya rushe ganuwa ba, sai da suka fasa ƙofa sa'an nan suka shiga.

Tankar yaƙi ta gaji doki, ta kuma gaji matsalarsa. Ƙarfe ne mai nauyin tan talatin ko arba'in, yana ture itace yana rushe gini, amma rami mai faɗin taku goma ya isa ya tsai da shi. Wannan lacca za ta bi tarihin dabarar da aka ƙago don warware wannan matsala, watau tanka mai goyon gada, da inda ta yi amfani, da inda ta gaza.

Damin kirare a Kambire

An fara shigar da tanka yaƙi a 1916, a ƙasar Faransa. Nan da nan Jamusawa suka faɗaɗa ramukansu na tsaro yadda tanka ba za ta iya tsallakewa ba. A yaƙin Kambire, ranar 20 ga Nuwamba, 1917, Ingilishi suka fito da tankoki fiye da 400, da yawansu ɗauke da wani ƙaton damin kirare da aka ɗaure da sarƙa, mai nauyin kusan tan biyu. In tanka ta iso bakin rami sai ta jefa damin, ta taka ta wuce. Dabarar ta ci, aka keta layin Jamus cikin safiya ɗaya. Amma da aka kai mashigin ruwa a garin Masniyar, gadar da ke wurin ta riga ta raunana, tanka ta hau ta karye da ita. Mahaya dawakin da aka tanada don su bi ta ɓarakar da aka yi suka rasa hanya, Jamusawa suka sami sararin kawo gudummawa. Daga nan aka gane cewa wajibi ne tanka ta riƙa tafiya da gadarta. Bayan yaƙin, wani hafsan injiniyoyi mai suna Martel ya gwada tanka mai riƙe da gada ta kimanin ƙafa 20 a gabanta.

Yaƙin Duniya na Biyu

Jamus ta kai irin wannan tanka fagen fama tun a farkon yaƙin. Ta ƙera guda 20 a kan gangar jikin tankarta samfuri na huɗu, ta raba wa rundunonin da suka auka wa Beljiyam da Faransa a 1940. Sai dai nauyin gadar ya fi ƙarfin ƙafafun tankar, aikin da suka yi kuma bai taka kara ya karya ba, saboda haka aka sauke gadojin aka mai da mafi yawansu tankokin faɗa.

Su kuwa Ingilishi wuya ce ta koya musu. Ranar 19 ga Agusta, 1942, sojojin Kanada suka kai hari ta ruwa a garin Diyef na gaɓar Faransa. Tanka 27 ƙirar Churchill suka sauka a tudu, 15 suka haye katangar bakin teku, amma ko ɗaya ba ta shiga gari ba, don an toshe tituna da kankare. Injiniyoyin da za su fasa shingen a ƙasa suke tafe, ba abin da ya kāre su, aka yi musu ɓarna mai yawa. Darasin a fili yake: injiniya ma yana bukatar sulke. A 1943 aka danƙa wa Janar Hobart Runduna ta 79, aka ce ya tanadi tankoki na musamman don buɗe hanya.

Iri uku ne suka fi shahara. Na farko tankar injiniyoyi ce ƙirar Churchill, wadda ke riƙe da gada a gabanta, an ɗaga ta sama da igiyar ƙarfe. Gadar tana rufe gurbi mai faɗin ƙafa 30, tana ɗaukar tan 40. In an iso wurin sai a saki igiya daga cikin tanka, gada ta faɗi a inda ake so. Na biyu ƙirar Valentine ce, an cire mata hasumiyar bindiga an ɗora gada naɗaɗɗiya mai buɗewa kamar almakashi. Injin tankar ne ke ɗaga ta ya miƙe ta cikin 'yan mintoci, ba tare da kowa ya leƙo waje ba, daga baya kuma ta iya haye gadar ta sake goya ta. Na uku kuwa ita kanta tankar ce gada: an cire hasumiya, an sa mata matakai gaba da baya, direba ya kutsa da ita cikin rafi ya tsaya, sauran su bi ta gadon bayanta. A kogin Seniyo na Italiya, cikin Afrilu 1945, inda gaɓa ta yi zurfi har ɗaya akan ɗora bisa ɗaya.

Ranar 6 ga Yuni, 1944, da aka sauka a Nomandi, waɗannan tankoki suna cikin na gaba a gaɓar da Ingilishi da mutanen Kanada suka sauka. Ba su rasa cikas ba: gadar da ke tsaye a cikin jirgi takan tare iska ta wahalar da matuƙi, maharban igwa kuma daga nesa suke hango ta. A kusa da ƙauyen Gire, wata tankar injiniyoyi ta zurma cikin wani rami da ruwa ya rufe. Maimakon a tsaya jan ta, sai aka aza gada a kan hasumiyarta, aka cike gefe da itace da duwatsu, runduna ta bi ta kai. Tankar ta zauna a ƙarƙashin hanya har 1976, sa'ad da aka tono ta aka kafa ta a wurin don tunawa.

Mazan jiya a Burma

An kai tankar almakashi Burma ita ma, ta yi wa rundunonin tankoki aiki a inda Japanawa suka karya ƙananan gadoji. Amma 'ya'yan ƙasar Hausa da suka yi yaƙi cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma wani fage dabam aka ba su. Yankin Arakan duwatsu ne da kurmi da rafuka barkatai, waɗansu ma tumbatsar teku ke cika su sau biyu a yini. A kwarin Kaladan, a 1944, jirgin sama ke jefo abinci, 'yan dako ke ɗaukar kaya a ka, hanyar jif ta mil saba'in da wani abu kuwa da diga da adda aka sare ta. Gada a can ta itace ce da gora, kadarko sosai irin na gida. Sunayen barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna daga waɗancan ruwaye aka samo su. Abin lura shi ne, tanka mai gada sai inda tanka za ta iya zuwa. Inda ba hanya, hannun mutum ne gada.

Onica da Golan

Iyaka ta biyu ita ce faɗin ruwa, Yaƙin Basasa kuwa ya nuna ta. Gadar Kwara da ta haɗa Asaba da Onica, wadda aka gama a 1965, tsawonta ya kai mita 1,400. Da sojojin Biyafara suka janye a 1967 sai suka karya ta. Runduna ta Biyu, ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed, ta yi ƙoƙarin haye kogin da jiragen fito har sau uku, tun daga watan Oktoba, kowane karo da asarar rayuka mai yawa. Daga ƙarshe aka zagaya ta Idah, aka biyo tudu, Onica ta faɗi cikin Maris 1968. Ba tankar da za ta goyi gadar da za ta rufe Kwara. Babban kogi aikin gada mai iyo ne, da igwa mai kāre ta, da shirin makonni.

Iyaka ta uku abokan gaba ne suka gano ta. A tuddan Golan, ranar 6 ga Oktoba, 1973, Siriya ta taso da ɗaruruwan tankoki, Isra'ila kuwa ta riga ta haƙa dogon rami a gabanta, gwalalo sak. Maharban tankokin Isra'ila suka mai da hankali kan masu goyon gada, suka yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Sauran tankokin suka cunkushe a bakin rami suka zama abin bara, sai da dare ya yi aka sami ketarawa. Tanka mai gada ba ta da babbar bindiga, ga ta da tsayi, kowa kuma ya san in ta mutu runduna ta tsaya. In ba a rufe ta da hayaƙi da wutar igwa ba, ita ce ta farkon faɗuwa.

A farkon shekarun 1980 Nijeriya ta sayi tankoki ƙirar Vickers daga Ingila, a cikinsu har da masu goyon gada. A daidai wannan zamani ne marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, yake shugabancin Runduna ta Uku ta masu sulke a Jos, daga 1981 zuwa 1983. Matsalar kuwa ba ta tsufa ba, domin a 2014 'yan Boko Haram sun fasa gadar Gamboru a Barno da ta Katarko a Yobe, da nufin datse wa soja hanya.

Ga masu ƙera ƙananan samfura

Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ko ta langalanga ya riga ya san rabin wannan sana'a. Abin da ya rage shi ne ma'auni da tarihi. A ma'aunin ɗaya bisa 35, gada mai ƙafa 30 santimita 26 ce, a ɗaya bisa 76 kuwa santimita 12. Gadar Onica a ma'aunin farko za ta kai mita 40, wannan kaɗai ya isa ya nuna bambancin rafi da kogi. Mai ƙera tankar Nomandi ya kula da igiyar da ta taso daga bayan tanka zuwa ƙarshen gada. Mai ƙera wadda ake bi ta bayanta ya sani cewa ta Ingila tana da dandamali bisa sarƙoƙinta, ta Italiya kuwa a kan sarƙar tsirara ake takawa. Kada kuma a manta da rawayan faifai mai lamba da akan maƙala a gaban motocin Ingilishi, wanda ke nuna ajin nauyinsu, don mai tsaron gada ya san wadda zai bari ta hau. Ya fi kyau a nuna tankar a bakin rami, da taɓo da hayaƙi, domin a nan ne ma'anarta take.

Kammalawa

Ƙasar Daura jigawa ce shimfiɗaɗɗiya, ba ta da kogi irin Kwara. Abin da ke tsai da mota a nan shi ne ƙorama da kwazazzabo, waɗanda suke bushe da rani, su cika su yanke hanya cikin watan Agusta, faɗinsu kuwa sau da yawa bai wuce abin da tanka mai gada ke rufewa ba. Sojan da ya ci nasara a wannan fanni shi ne wanda ya auna gurbi tun kafin ya iso shi, ya san nauyin abin da zai hau, ya tanadi gadar da ta dace. Ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗin kwalbati, da ɗalibin da ke koyon aikin hanya a Jami'ar Sufuri ta Daura, lissafin nan guda ne a gabansu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.