Daga Tsirkiyar Goge Zuwa Maɓallin Fiyano

Mai karatu, in ka je biki a Gwarzo ko Kabo a yau, da wuya ka ga mai goge ko kalangu. Lasifika za ka tarar tana zuba waƙoƙin fim. To, yaya aka yi fiyano ta ƙwace fagen?

Bari mu faro daga ita na'urar. Daga sautin "do" zuwa wani "do" na sama, maɓalli 12 ne: farare 7, baƙaƙe 5. Ɗora yatsa a kan "do", ka ƙirga taki 4 har da baƙaƙen, za ka sauka kan "mi". Wannan ce babbar tazara, wadda Turawa ke kira meja, kuma kunnensu na jin fara'a a cikinta. Rage taki 1 kacal, ka samu ƙarama, wato maina, wadda suke dangantawa da jimami. Sunayen "re, mi, fa" kuwa wani limamin Kirista ɗan Italiya, Guido na Arezzo, ya ƙirƙiro su a ƙarni na 11.

Mu namu ba a allo aka koye shi ba. Yawancin waƙoƙin gargajiyarmu a kan sautuka 5 suke tafiya, kusan irin na baƙaƙen maɓallan nan. Abin sha'awa, tazarar nan biyu duk suna ciki tun tale-tale, ba mu dai sa musu suna ba. Ɗanmaraya Jos da tsirkiya ɗaya tal ta kuntigi ya ci duniya. Kalangun Shata kuwa hawa da saukar maganar Hausa yake bi, makaɗi na matse shi a hammata.

Da finafinan bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai sutudiyoyin Kano irin su Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha. Dalilin a fili yake: mutum ɗaya zai yi aikin ƙungiya guda, ga arha, ga sautin Indiya da matasa ke so. Sangaya na 1999 ya tabbatar wa furodusoshi cewa nan kasuwa take.

Amma fa an yi asara. Goge ba shi da matakala. Yatsa na zamewa ya taɓo sautin da ke tsakanin maɓalli biyu, wanda fiyano ba ta tanadar masa gurbi ba. Shi ya sa gogen fiyano bai cika ratsa dattijon da ya san na ainihi ba. Yaron da ya taso da kaset kuwa, wataƙila na ainihin ne zai ji kamar ya kauce.