Georges Lemaître da Tarihin Ra'ayin Farkon Sararin Samaniya

Georges Lemaître (1894–1966) limamin cocin Katolika ne ɗan ƙasar Beljiyam, kuma masanin lissafi da ilimin taurari a jami'ar Louvain. A 1927 ya wallafa wata maƙala da Faransanci, inda ya nuna daga lissafin Albert Einstein cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, gungun taurari suna nisantar juna. Da Lemaître da Einstein suka haɗu a Brussels a shekarar, Einstein ya yarda lissafin daidai yake, amma ya ƙi amincewa da ma'anarsa. Sai da Edwin Hubble ya fitar da awonsa a 1929 sannan Einstein ya janye, kuma bai ɓoye janyewar ba.

A 1931 Lemaître ya ƙara gaba: abin da ke faɗaɗa, in aka bi shi baya, dole ya taɓa kasancewa dunƙule wuri guda. Wasu masana suka zarge shi da shigo da wa'azi cikin kimiyya ta bayan gida.

Gwajin da ya fi nauyi daga cocinsa ya zo masa. A watan Nuwamba 1951 Paparoma Pius na XII ya yi jawabi yana nuna cewa wannan binciken ya tabbatar da labarin halitta. Da wani limami ne, da ya yi murna, tunda shugabansa ne ya ɗaga aikinsa. Lemaître bai ji daɗi ba. A ganinsa ra'ayin kimiyya abu ne da sabon awo zai iya rushewa gobe, don haka bai kamata a jingina imani da shi ba, kuma farkon faɗaɗa daban yake da halitta daga babu. Da Paparoman ya yi wa taron masana taurari na duniya jawabi a 1952, bai maimaita waccan da'awar ba. Wannan kamun kai, daga limami da shugabansa duka, ya cancanci yabo fiye da yadda ake ba shi.

An naɗa Lemaître shugaban Cibiyar Kimiyya ta Fadar Paparoma a 1960. Kafin rasuwarsa a Yunin 1966 labari ya iske shi cewa Arno Penzias da Robert Wilson sun gano ragowar zafin farkon samaniya. A 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba da shawarar a riƙa kiran dokar faɗaɗar sararin samaniya da sunan Hubble da Lemaître tare.