Daga En'e Zuwa Kantoma: Wa Ke Naɗa Mana Ciyaman, Wa Ke Sauke Shi?

Yau ina so mu waiwayi tarihin kujerar da ta fi kusa da mu, mu mutanen Gandi, Rabah, Wurno da Goronyo: majalisar ƙaramar hukuma.

A zamanin En'e ba ƙuri'a ke kawo hakimi ba. Sarkin Musulmi ke naɗa hakimi, Turawa su amince. Ta haka Ahmadu Bello ya zama hakimin Rabah a 1934. Wanda ya naɗa ka shi ke iya tuɓe ka, don haka idon hakimi na Sakkwato, ba ya kan talaka.

A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi gyara, aka kafa ƙananan hukumomi masu tsari ɗaya a duk faɗin ƙasa, mulkin yau da gobe ya bar hannun sarakuna ya koma na kansiloli. Sai dai sojojin da suka biyo baya sun saba da rushe majalisun, su ɗora kantomomi. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 7, ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Amma ya bar shirya zaɓen a hannun hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta. To ka ji inda gizo ke saƙa.

Ku duba abin da ya faru nan Sakkwato. A Maris 2021 PDP na mulki, ta lashe duk kujerun ciyaman 23, APC ta ƙaurace. A Satumba 2024 APC na mulki, ita ma ta kwashe 23 ɗin, PDP ta ƙaurace. Jam'iyya ta canza, hali bai canza ba.

A tsakanin nan, ranar 11 ga Yuli 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya sa kantoma, kuma a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin ya rufe ƙofar tuɓewa da ƙarfi, amma ƙofar shigowa har yau mabuɗinta na gidan gwamnati.

Me ya dame mu da wannan? A 2018, bayan harin Tabanni, nan Gandi mutane suka yo gudun hijira. A irin wannan rana, hukumar farko da talaka zai nema ita ce ƙaramar hukuma. Ciyaman da ya san ba ƙuri'arka ta kawo shi ba, me zai sa ya ji tsoron fushinka?

Don haka matasa, gwagwarmayar tun daga zaɓen fidda gwani take farawa. Ku yanki katin jam'iyya, ku san kansilan mazaɓarku da sunansa, ku tambaye shi nawa ya shigo, ina aka kai shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.