Tarihin Shiga Ikilisiyarmu Cikin Shekara Hamsin

Godiya ta tabbata ga Allah Uba wanda ya kawo mu wannan rana ta cika shekara hamsin. 'Yan'uwa cikin Almasihu, kwamitin biki ya ga ya dace mu waiwayi yadda iyayenmu suka shigo ikilisiya, domin 'ya'yanmu da aka haifa a cikinta su san abin da mutum yakan bari kafin a rubuta sunansa a littafin membobi.

Tushen aikin nan yana da nisa. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasashen Sudan. Gowans da Kent sun rasu a 1894, amma mishan ɗin SIM bai mutu tare da su ba. Shekaru da dama gwamnatin Turawa ta hana 'yan mishan aiki cikin masarautun Arewa. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe a ƙasar Kano ta hanyar aikin jinya, kamar na kutare a Yadakunya, daga baya kuma asibitin ido na Kano a 1943. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, a 1954 kuma ikilisiyoyin SIM suka haɗu suka zama ECWA.

Mu nan yawancin kakanninmu Maguzawa ne, manoma masu bin al'adun gargajiya. Da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga, aka gama ta a 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da karkarar Kura da Bunkure. Noman rani ya kankama: alkama, tumatir da shinkafa. Aikin ya jawo ma'aikata daga Jos da kudancin Zariya, waɗansunsu masu bi ne. Su da mai bisharar EMS da 'yan tsirarun mutanenmu suka fara sujada a ƙarƙashin rumfar kara.

A lokacin ba a zama memba rana ɗaya. Da fari mutum zai miƙe gaban jama'a ya shaida ya karɓi Yesu. Sa'an nan ya kawo layunsa da kayan tsafinsa a ƙone, ya bar giya. Bayan haka ya shiga ajin baftisma na watanni, inda da yawa cikin iyayenmu suka fara koyon karatu da fitilar aci-balbal bayan sun dawo daga ban ruwa. Dattawan ikilisiya za su yi masa tambayoyi, su kuma bincika zamansa da iyali da maƙwabta. In an gamsu, fasto ya nitsar da shi cikin ruwa, sau da yawa a magudanar da ke shayar da gonakinmu. Daga nan ne ake rubuta sunansa, ya ci Jibin Ubangiji, ya ɗauki nauyin zakka da baiko.

Abin bai zo da sauƙi ba. Akwai samarin da aka cire daga gandu domin sun ƙi sa hannu a yankan tsafin gida. Akwai matan da suka riga mazajensu tuba, suka daina dafa burkutu, wanda shi ne jarinsu. Zumuntar Mata ce ta riƙe su. Mafi nauyi shi ne batun masu mata fiye da ɗaya. Mun san dattijon da ya ba da filin da majami'armu take, ya yi shekaru yana zama a bencin baya ba a yi masa baftisma ba, domin ya ce ba zai kori uwar 'ya'yansa ba. Bai yi fushi ya tafi ba, mu ma ba mu manta da shi ba. Yau jikokinsa suna cikin mawaƙa. Akwai kuma ranar da rabon ruwa yakan faɗo Lahadi da safe. A nan maƙwabtanmu Musulmi sun sha musanya mana lokaci, mu ma mukan rama musu ran Jumma'a. Muna gode musu.

Yau ajin baftisma yana nan, dattawa suna nan, littafin ma yana nan ko da yake bangonsa ya tsufa. Damuwarmu ita ce matasan da suke zaton haihuwa a gidan masu bi ta isa. Ba ta isa ba. Duk wanda bai riga ya shiga ba, ya ga fasto ko ɗaya daga cikin dattawa bayan sujadar godiya.

Ubangiji wanda ya riƙe iyayenmu ya riƙe mu har ƙarshe. Amin.