Ƙarfen da haidirojin ke ci ta ciki

A sana'armu ta duba bututu a masana'antar amoniya, ba a sakin sabon shiga shi kaɗai sai ya iya karanta zanen da muke kira layukan Nelson. Ciwon da ya haifi zanen kuwa ya girme shi da shekara kusan 40.

A 1909 Fritz Haber ya nuna a Jamus cewa nitirojin da haidirojin za su haɗu su ba da amoniya idan an matse su ƙwarai cikin zafi. Kamfanin BASF ya ɗora wa Carl Bosch aikin fitar da abin daga ɗakin gwaji. Tukwanen ƙarfen da ya fara ƙerawa ba su cika kwana huɗu suna aiki ba suka tsage. Da aka yanka ƙarfen aka duba, sai aka ga mai laifin. Haidirojin ƙanƙanuwa ce. Idan zafi da matsi suka yi yawa sai ta kutsa cikin ƙarfe, ta tarar da kabon ɗin da ke ba shi ƙwari, su haɗu su zama iskar mitan. Ita mitan ba ta da hanyar fita. Nan take taruwa tsakanin ƙwayoyin ƙarfen tana buɗa tsaga, waje kuma sumul, kamar azarar da gara ta ci.

Dabarar Bosch har yau tana burge ni. Ya shimfiɗa ƙarfe mai laushi, marar kabon sosai, a cikin tukunyar, ya huda ƙananan ramuka a kakkauran bangon waje domin haidirojin da ta ratso ta fice abinta. Da haka masana'antar amoniya ta Oppau ta fara aiki a 1913. Daga baya aka koma ga ƙarfe mai gaurayen kurom da molibdenam, waɗanda ke riƙe kabon gam.

A 1949 George Nelson, injiniya a kamfanin Shell, ya tattara rahotannin masana'antu: wane ƙarfe ya lalace, a wane zafi, a wane matsi, wane kuma ya jure. Ya ja layi tsakaninsu. A 1970 Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta mai da shi ƙa'ida mai lamba API 941. Abin da matasanmu ke mantawa shi ne, layin tarihin ɓarnar da aka riga aka gani ne kawai, shi ya sa yake matsawa. A 1990 aka cire layin ƙarfe mai rabin kashi cikin ɗari na molibdenam, bayan ya yi ta tsagewa a inda aka ce lafiya lau.

Ranar 2 ga Afrilu 2010, na'urar musayar zafi ta fashe a matatar Tesoro da ke Anacortes a Amurka, mutum 7 suka rasu. Tsagar da haidirojin ta haddasa ta bi gefen waldar da ba a gasa ba bayan an gama ta. Sai a 2016 aka ƙara wa irin wannan walda layinta daban, ƙasa da na da.

Yuriyar da manomanmu ke zuba wa masara daga amoniya take fitowa, a masana'antun Eleme da Onne da Lekki. Ga masu shiga aikin nan roƙona: ku san ainihin ƙarfen kowane bututu, ku auna zafinsa da na'ura maimakon dogaro da takardar magina, ku kuma nemi shaidar an gasa kowace walda.