Yadda Ruwan Famfo Ya Kwantar da Rabin Gari

Da yawa daga cikinku in kun kawo yaro ɗakin shan magani yana gudawa, muka tambaya wane ruwa ku ke sha a gida, sai ku ce, "Ai na famfo ne, malam," watau magana ta ƙare ke nan. To, yau zan ba ku tarihin wani ƙaramin gari inda ko wane gida da famfonsa, ba mai zuwa rafi, ba ɗan garuwa, amma ruwan nan na famfo ya kwantar da kusan rabin mutanen garin cikin 'yan kwanaki.

Sunan garin Walkerton, yana cikin jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada, arewa maso yamma da birnin Toronto. Mutanensa wajen 4,800 ne, gonaki da garken shanu sun kewaye shi. Cikin watan Mayu na shekarar 2000 mutum wajen 2,300 suka kamu da ciwon ciki, bakwai suka rasu. Ku lura fa, ba ƙasar matalauta ba ce, ba kuwa zamanin da ba ne.

Kafin mu shiga labarin, sai kun san abin da ke tsare ruwan famfo. Akwai wani magani da a ke zubawa ciki, sunansa kulorin, shi ne ku ke jin warinsa wani lokaci in an saki ruwa. Ba alam ba ne. Alam laka ya ke kwantarwa, ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Turawa sun fara wanke bututun ruwa da kulorin a garin Maidstone na Ingila cikin 1897, sa'ad da zazzaɓin taifot ya addabe su. Cikin 1905 garin Lincoln ya shiga zuba shi kullum sabo da wannan cuta, cikin 1908 kuma Jersey City ta Amurka ta bi sahu. Tun daga nan taifot ya yi ta ja da baya a biranensu.

Halin kulorin kuwa shi ne, in ya gamu da ƙazanta sai ya ƙare wajen yaƙi da ita. Don haka ba abin da aka zuba a ke dubawa ba, abin da ya saura bayan an zuba shi ne shaida. In ma'aikaci ya auna ya tarar da saura, ruwa lafiya. In ya auna ya ga ba kome, to, wani abu ya shigo ya cinye maganin, sai a rufe rijiya nan take. Awon nan ba ya cin minti biyar. A Walkerton ka'ida a wancan lokaci ita ce a sami rabin miligiram cikin ko wace lita bayan minti 15, a auna kullum, a rubuta cikin littafi.

A shekarar 2000 garin yana shan ruwa daga rijiyoyin burtsatse uku, ana kiransu ta 5 da ta 6 da ta 7. Ta 5 ɗin an haƙa ta cikin 1978, ba ta da zurfi, ƙasar da ke bisa 'yar kaɗan ce, a ƙarƙashi kuwa dutse ne mai tsage-tsage. Kun san ƙasa mai kauri ita ke tace ruwan sama yayin da ya ke nutsewa. Inda ba ta da kauri, ruwan ya kan bi tsagar dutse ya zarce ƙasa da duk abin da ya kwaso. Tun lokacin haƙa ta masana sun faɗa cewa rijiyar nan tana bukatar a sa mata ido.

Kusa da ita akwai gonar wani mai shanu. Wajen ƙarshen watan Afril na 2000 ya watsa taki a gonarsa kamar yadda ko wane manomi ke yi, kuma da aka bincika daga baya an ce ya bi ka'ida, ba shi da laifi. Sai dai cikin hanjin waɗansu shanu akwai wata ƙwayar cuta, irin E. coli wadda likitoci ke kira O157:H7. Saniya tana ɗauke da ita lafiya lau, tana kiwo, tana ba da nono. In ta shiga cikin mutum kuwa sai ta sa murɗar ciki da gudawar jini, ga ƙananan yara da tsofaffi har ta kan kashe ƙoda. Daga ran 8 zuwa ran 12 ga Mayu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, milimita 134, watau inci biyar da ɗoriya, fiye da rabinsa a rana ta ƙarshe. Ruwan ya wanke takin ya kai shi rijiya ta 5, tare da wata ƙwayar kuma mai suna Campylobacter.

To, a nan ne ya kamata awon nan na minti biyar ya ceci gari. Manajan ma'aikatar ruwa sunansa Stan Koebel, ƙanensa Frank shi ne heluman ma'aikata. Dukansu tun suna samari su ke aikin, sun sami satifiket ne sabo da daɗewa, ba don sun ci jarrabawa ba. Shekara da shekaru al'adar wurin ita ce a je bakin rijiya, a buɗe littafi, a rubuta 0.5 ko 0.75, ba tare da an auna kome ba. Kulorin ɗin ma ba sa zuba shi yadda ya kamata, domin mutanen gari suna ƙorafin ɗanɗanonsa, su kuma ma'aikatan sun amince ruwan rijiyarsu mai kyau ne, har su kan sha shi ɗanye a bakin rijiya. Ran 13 da ran 14 da ran 15 ga wata aka je rijiya ta 5, aka cika littafi kamar kullum. Da an auna ko sau ɗaya da an ga magani ya ƙare.

Ni da aikina rabinsa cika littafi ne, na allura da na awon ciki da na magani, wannan wuri shi ya fi tsaya mini a rai. Littafin da aka cika da ka ya fi wanda aka bari fayau haɗari, domin in mai duba aiki ya ga shafi ba rubutu zai yi tambaya, in ya gan shi cike kuwa sai ya sa hannu ya wuce.

Ran 15 ga wata aka koma rijiya ta 7, ita kuwa an cire injin zuba mata kulorin, ba a mayar ba sai ran 19. A ran 15 ɗin kuma aka ɗebi ruwa cikin kwalabe aka aika ɗakin gwaji. Ran 17 amsa ta zo wa manaja cewa akwai E. coli. Da can ɗakin gwajin Gwamnati ke wannan aiki, in ya ga abu sai ya sanar da hukuma da kansa. Amma cikin 1996 Gwamnatin jihar ta bar aikin a hannun 'yan kasuwa, ba ta kuwa kafa dokar da za ta tilasta musu su sanar ba. Saboda haka amsar ta tsaya a teburin mutum ɗaya.

Ran 18 yara wajen 20 ba su je wata makarantar garin ba, aka kuma kwantar da yara biyu a asibitin Owen Sound suna gudawar jini. Wata likitar yara, Kristen Hallett, ta lura duka biyun daga gari ɗaya su ke, ran 19 ta sanar da ofishin kiwon lafiya. Ruwa ba ya tsami banza. Ma'aikatan ofishin suka buga wa manaja waya har sau biyu a ranar, ya ce ruwa lafiya, bai ambaci takardar da ke hannunsa ba. Sai ya koma yana buɗe famfunan bakin titi yana zubar da ruwa, yana ƙara kulorin da yawa, wai ya gyara abin a ɓoye. Su kuwa ma'aikatan lafiya suka ɓata kwana biyu suna neman cutar cikin abinci.

Ran Lahadi 21 ga wata likitan kiwon lafiya na yankin, Murray McQuigge, da mutanensa suka ƙi ƙara jira, ko da ya ke ba su da shaida a hannu tukuna. Aka yi shela a rediyo cewa kowa ya tafasa ruwa. Ana cikin hutu ne, waɗansu ba su ji ba a ranar. Ran 22 aka yi rashi na farko. Ran 23 gwajin da ofishin lafiya ya yi da kansa ya tabbatar ruwan ne. Asibitin garin ya cika, jirgi mai saukar ungulu yana ta jigilar yara zuwa babban asibitin London ta Ontariyo. Mutum 27 cutar ta taɓa musu ƙoda, yawancinsu yara, cikin waɗanda suka rasu har da yarinya 'yar shekara biyu. Ba a ce wa mutanen garin su bar tafasa ruwa ba sai ran 5 ga Disamba, bayan wata shida da 'yan kwanaki.

Gwamnati ta naɗa wani babban joji, Dennis O'Connor, ya bincika. Har Firimiyan jihar, Mike Harris, sai da ya zo ya ba da shaida. Rahoton ya fito cikin 2002. Joji ya ce manaja bai yi nufin cutar kowa ba, shi kansa bai fasa shan ruwan ba, bai ma san E. coli tana kisa ba. Amma ya ce da ya faɗi gaskiya ran 19 da mutum 300 zuwa 400 sun tsira daga ciwon. Bai kuwa bar laifin duka a kan 'yan'uwan nan biyu ba. Masu duba aiki na Ma'aikatar Muhalli sun zo cikin 1998, sun ga aibu, sun rubuta, ba su bi sawu ba. Rijiya irin ta 5 kamata ya yi a sa mata injin da ke awon kulorin dare da rana, ya kashe famfo da kansa in magani ya ƙare, ba a sa ba. An kuma rage wa ma'aikatar kuɗi da ma'aikata ba tare da an auna haɗarin ba. A shekarar nan ta 2002 jihar ta kafa dokar tsaron ruwan sha: sai mai horo zai riƙe ma'aikatar ruwa, ɗakin gwaji kuma tilas ya sanar da hukuma nan take. Cikin Disamba 2004 aka ɗaure Stan Koebel shekara ɗaya, Frank kuma aka tsare shi a gida wata tara.

Yanzu ku dubi naku garin. Shanu muna da su, ruwan farkon damina kuwa kun san abin da ya ke kwasowa daga turke da juji da bayan gari. In burtsatsen unguwa ko rijiyar da ke ba tankinku ruwa tana kusa da turke ko masai, ku kai maganar ga mai unguwa da duba-gari, a nisanta su kamar ƙafa 100, a gyara daɓen siminti na bakinta in ya tsage. Muna kuma da wata wahala wadda Walkerton ba ta da ita, watau ɗaukewar ruwa. Bututun da ba ruwa ciki, in ya fashe kuma ya ratsa kwata, tsotsar ruwan kwatar ya ke yi, shi ne kuwa zai fara fitowa ran da aka saki ruwa. Ku bar na farkon ya zuba. Warin kulorin kuma kada ya sa ku koma rafi. In an bar ruwan ya kwana cikin randa mai murfi warin ya kan ragu.

Bayan babban ruwan sama, ko in kun ga gida biyu uku masu famfo ɗaya suna gudawa lokaci guda, kada ku jira shela. Ku tafasa na sha har ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur, ku zo ku gaya mana gidajen da kuma famfon. Yaron da ke gudawar jini a kawo shi a ranar, ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya, kada a saya masa maganin tsai da zawo a kasuwa. In kuwa fitsarinsa ya ragu, ko fuskarsa ta kumbura, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko da gudawar ta tsaya, wannan na babban asibiti ne, za mu ba ku takarda ku wuce da shi.