Waiwaye: Sauka a duniyar wata da yadda jaridu suka ba da labarin

Duk lokacin da ranar 20 ga watan Yuli ta zagayo, kafofin watsa labarai a Amurka da Turai kan zaƙulo shafukan farko na jaridun shekarar 1969 su sake nunawa, jama'a kuma su shiga begen zamanin da aka ce duniya ta tsaya cik tana kallon abu guda.

A wannan rana ce kumbon Apollo 11 ya sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin a kan doron wata, yayin da abokin tafiyarsu Michael Collins ya ci gaba da kewaya watan shi kaɗai.

Sun sauka da ƙarfe 8:17 na dare agogon GMT, wato 9:17 agogon Najeriya, amma sai da ƙarfe 2:56 na dare, wayewar garin 21 ga Yuli, Armstrong ya fito ya sa ƙafa.

An ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 600 ne suka kalli lamarin ta talabijin. A akasarin ƙasashen Afirka ta rediyo aka ji labarin, kuma a Afirka ta Kudu ma ba a fara talabijin ba sai 1976.

Sai dai wanda ya bi tsofaffin jaridun da faya-fayen daki-daki zai tarar cewa ɗokin bai daɗe ba, kuma waɗanda suka ɗauki hotunan ba su adana su yadda ya kamata ba.

Kafin Apollo

Tun farkon gasar sararin samaniya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, 'yan jarida na cikin lissafi.

A 1959 mujallar Life ta biya dala 500,000 domin ita kaɗai ta riƙa buga labarin rayuwar 'yan sama jannatin Amurka bakwai na farko da iyalansu. Hoton da aka san su da shi, na jarumai masu ladabi da son iyali, daga shafukanta ya samo asali.

A zamanin wancan shiri na farko, mai suna Mercury, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, na da tashar bin sawun kumbo a Kano, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da ta kafa a sassan duniya.

Hotunan farko da aka ɗauka daga kan doron wata kuwa na Sobiyet ne, amma a Ingila aka fara ganin su.

Kumbon Luna 9, wanda babu mutum a cikinsa, ya sauka lami lafiya ranar 3 ga Fabrairun 1966. Masana a cibiyar Jodrell Bank da ke kusa da Manchester sun kama saƙonninsa, suka lura cewa sun yi daidai da tsarin da jaridu ke aika hoto ta waya.

Jaridar Daily Express ta garzaya musu da na'urarta, ta kuma buga hotunan kafin hukumomin Moscow su fitar da nasu.

Daren saukar

'Yan jarida kimanin 3,500 ne aka bai wa izinin halartar harba Apollo 11 a Florida ranar 16 ga Yuli.

Washegari jaridar New York Times ta buga wani ɗan gajeren gyara. A 1920 ta yi wa masanin roka Robert Goddard ba'a, tana cewa roka ba za ta yi aiki ba a inda babu iska. Bayan shekaru 49, kumbo na kan hanyar wata, ta amsa cewa ta yi kuskure. Goddard ya rasu tun 1945.

Ranar 21 ga Yuli jaridar ta fito da kanun labari mai cewa mutane sun yi tafiya a kan wata, da haruffa mafi girma da ta taɓa amfani da su zuwa lokacin.

A gidan talabijin na CBS, fitaccen mai gabatar da labarai Walter Cronkite ya cire tabarau, ya murza hannuwa, ya rasa ta cewa a daidai lokacin da kumbon ya sauka. Wannan ɗan shiru na daga cikin abin da Amurkawa suka fi tunawa da daren.

Hoton da duniya ta gani bai taka kara ya karya ba. Baƙi da fari ne, dishi-dishi, kuma a daƙiƙun farko a juye ya fito, sama a ƙasa.

Na'urar da ke kan kumbon na aiko hoto 10 ne kacal a daƙiƙa guda, tsarin da bai dace da na gidajen talabijin ba. Don haka a tashoshin da suka karɓi saƙon, a California da Australiya, sai aka riƙa haska shi a allo ana sake ɗauka da wata na'urar kafin a watsa, abin da ya rage masa kyau ƙwarai.

Da wannan hoto da kuma zane-zane jaridun 21 ga Yuli suka cika shafukansu, domin fim ɗin hotuna masu launi na tare da 'yan sama jannatin, waɗanda ba su dawo ba sai 24 ga Yuli.

Ke nan shahararren hoton nan na ɗan sama jannati tsaye cikin farin kaya ba ya cikin jaridun washegari. Ba kuma Armstrong ba ne a ciki. Aldrin ne. Armstrong ne ke riƙe da kyamara, sai ɗan siffarsa da ake hangowa a gilashin hular abokinsa.

Ba kowa ne ya yi murna ba

Ana jibi harba kumbon ko ana gobe, duk hankali na kan roka, amma a bakin ƙofar cibiyar akwai wasu baƙi na daban.

Ralph Abernathy, wanda ya gaji Martin Luther King a jagorancin ƙungiyarsa, ya isa wurin da iyalai matalauta da keken alfadarai, yana tambayar dalilin kashe maƙudan kuɗi a wata alhali akwai masu kwana da yunwa a Amurka. Shugaban NASA Thomas Paine ya fito ya gana da su.

Shirin Apollo ya ci kimanin dala biliyan 25 na wancan lokaci.

Masanin tarihi Roger Launius, da ya yi nazarin ƙuri'un jin ra'ayin jama'a na shekarun, ya nuna cewa akasarin Amurkawa ba su ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba, in ban da a daidai lokacin saukar Apollo 11, inda masu goyon baya suka ɗan haura rabi.

A Tarayyar Sobiyet ba a nuna wa jama'a saukar kai tsaye ba. Kumbonta marar matuƙi, Luna 15, ya faɗi a kan wata ranar 21 ga Yuli, Armstrong da Aldrin na can ba su taso ba.

Ɗoki ya dusashe

Watanni huɗu bayan haka, a Nuwamban 1969, Apollo 12 ya tafi da kyamara mai launi. Alan Bean ya juya ta ga rana bisa kuskure, ta lalace, masu kallo suka rasa abin gani.

A Afrilun 1970, manyan gidajen talabijin na Amurka sun ƙi katse shirye-shiryensu domin nuna 'yan Apollo 13 da ke magana kai tsaye daga cikin kumbo. Mintoci kaɗan da kammala shirin tankin iskar shaƙa ya fashe, sai ga labarin ya koma shafin farko a ko'ina har suka dawo da rai ranar 17 ga watan.

Tafiye-tafiyen ƙarshe su ne suka fi amfani ga kimiyya, sun kuma fi kyan hoto. 'Yan Apollo 17 sun shafe kimanin sa'o'i 22 a waje, suna yawo da mota, cikinsu har da masanin duwatsu Harrison Schmitt. Amma lokacin da gidajen talabijin suka ba su bai kai ko kusa da na Apollo 11 ba.

Mutane 12 ne suka taka wata tsakanin 1969 da Disamban 1972, suka dawo da duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382. Eugene Cernan ne na ƙarshe da ya baro.

Faya-fayen da aka goge

A 2006 NASA ta tabbatar cewa tana neman faya-fayen da aka naɗi ainihin saƙon Apollo 11 a kai, wato hoton kafin a rage masa kyau.

A 2009 ta bayyana cewa bisa dukkan alamu an goge su an sake naɗar wasu bayanai a kai, kamar yadda aka saba yi a lokacin domin tsimi. Hoton da aka gyara aka fitar a shekarar an harhaɗo shi ne daga kofen da gidajen talabijin da wasu ma'adanai suka ajiye.

Haka ma a Birtaniya, akasarin shirin da BBC ta kwana tana gabatarwa a daren, tare da James Burke da Patrick Moore, bai tsira ba.

Masu musanta cewa an je wata sun riƙe ɓatan faya-fayen a matsayin hujja. Sai dai daga 2009 kumbon Lunar Reconnaissance Orbiter ya ɗauko hotunan wuraren saukar, inda ake ganin ƙasan kumbunan da aka bari, da kuma sawun da 'yan sama jannatin suka yi.

Jaridun takarda kuwa sun fi faya-fayen sa'a. Iyalai da dama a Amurka da Birtaniya sun naɗe bugun 21 ga Yulin 1969 sun ajiye a akwati, wasu da fatan wata rana zai yi tsada. Yawan waɗanda suka yi hakan ya sa galibin kofen ba su da wani farashin kirki a wajen dillalan kayan tarihi.